Ramukan Sharfaddeen

Duk wanda ya taɓa zama a fadar Mamani mai gyaran taya, wato majalisar hirarsa, nan bakin tashar Dakoro, ya san Sharfaddeen ɗan marigayi Malam Harisu, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne siriri, ba ya rabo da baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana. Sana'arsa rakiyar motoci. Idan wani Alhaji ya sayi tsohuwar mota a Lome, sai a tura direba ya tuƙo ta, a tura Sharfaddeen ya zauna gefensa don kada direban ya yi gyangyaɗi. Aikin kuwa ya dace da shi, don ba a taɓa samun wanda ya runtsa ido Sharfaddeen na magana ba. Sau huɗu ya je Lome. Amma in ka saurare shi, sai ka rantse shi ya haƙa tekun.

A tafiyarsa ta huɗu ya buɗe bayan wata mota, ya tarar da wata doguwar jaka da nasaran da ya sayar da motar ya manta. A cikinta sanduna ne na ƙarfe masu lanƙwasasshen kai, da ƙananan ƙwallaye uku farare fat, kamar ƙwan kaza. Mai motar ya jujjuya sandunan, ya ga ba su yi hauya ba, ba su yi sandar dogarawa ba, ya ce wanda ke so ya kwashe. Sharfaddeen ya kwashe.

Da ya dawo gida, wata safiya yana latse-latsen waya sai ya ci karo da hoton wata ƙasa can cikin hamada, inda aka mayar da rairayi filayen golf, jirage na ta sauke baƙi masu gajeren wando. Ya kalla har sau biyar. Ya ɗaga kai ya dubi rairayin ƙofar gidansa. Nan take ya gane abin da hukumomi da masu ilimi suka kasa ganewa shekara da shekaru.

Ya saɓi jakar nan sai fada.

"Ku saurara," in ji shi, tun bai zauna ba. "Arzikin garin ga yana ƙarƙashin ƙafafunku kuna takawa. Golf zan kawo Dakoro."

Mamani na durƙushe yana neman hujin taya cikin ruwa, bai ko ɗago ba. "Ai akwai biyu nan tasha, suna lodin Maraɗi."

"Ba mota ba! Ka ga illar rashin fita. Wasa ne, wasan manyan duniya. Ni da nike gaya muku, a Lome da jakadu nike bugawa. Akwai wani jakada da ya yi kuka da hawaye ranar da na cinye shi."

Gaskiyar ita ce, wata rana ana jiran takardun mota ya leƙa ta ramin katanga, ya ga wani tsoho na tafiya cikin ciyawa, kafin mai gadi ya kore shi.

"To yaya ake yin shi?" in ji Mamani.

"A bugi ƙwallo, ta faɗa rami."

"Sannan?"

"Sannan a ciro ta, a sake bugawa."

"To mi ya hana a bar ta cikin ramin, kowa ya huta?"

Fada ta kwashe da dariya. Sharfaddeen ya gyara tabarau, ya dube su da tausayi. Ya ce su yi dariyarsu, nan da wata uku turis, masu yawon buɗe ido, za su cika garin nan har a rasa masauki. Za a gina otel mai hawa shida inda ake sayar da awaki. Shi kansa Mamani zai bar faci, ya koma gyaran tayar jirgin sama.

"Allah ya sa," in ji Mamani. "Sai dai ka gaya musu su zo da famfonsu."

Fili bai yi masa wuya ba. Suna da gonar gado yamma da gari, daf da burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya. Wansa Zakiru ke noma ta, da ita gidaje biyu ke ci. Gonar jigawa ce, in ba taki ko tsuntsu ba ya tsayawa kanta. Abin da ya riƙe ta shi ne wata tsohuwar amana: kowace shekara bayan an kwashe hatsi, Agali, wani dattijon makiyayi abokin mahaifinsu, yakan sauko daga arewa da shanunsa, su ci kara, su kwana a gonar, su bar mata taki. An fi shekara talatin ana haka.

Zakiru magini ne, a lokacin ya samu aikin gini a Ɗan Gulbi na wata biyu. Abu guda ya bar wa ƙanensa: "Sharu, in Baba Agali ya iso, ka tarbe shi yadda anka saba."

Sharfaddeen ya tarbe shi kuwa. Ranar da dattijon ya iso da garkensa, ya tarar an share karan gonar tas an ƙone, ga mutum tsaye bakin iyaka da sandar ƙarfe a kafaɗa.

"Baba Agali, sannu da hanya. Sai dai bana a yi haƙuri. Nan ya zama filin golf."

Agali ya sassauta rawaninsa daga baki, ya dubi gonar, ya dubi mai maganar. "Ɗan Harisu, kakannin shanun ga sun kwana gonar ga kana goye."

"Zamani ya sake, Baba. Nasaru za su zo. Ba a kashin shanu inda manya ke wasa."

"To. Nasarun, su za su ba gonar taki?"

Sharfaddeen ya ce wannan magana ce ta wanda bai ga duniya ba. Agali ya juya. Ya kaɗa shanunsa ya tsallaka burtali, ya sauka gonar wani da ya daɗe yana roƙonsa. Ya kafa bukkarsa inda yake hango komai, ya hura wutar shayi.

Aiki ya kankama. Sharfaddeen ya ji a waya cewa ramuka goma sha takwas ake yi, ya haƙa su, kowane kamar bakin kwarya. Kowane rami kuma yana son tuta. Da matarsa Hamdiya ta buɗe akwatinta za ta gidan suna, sai ta tarar babu kallabi ko ɗaya.

"Maigida, ina kallabaina?"

"Suna wakiltar ƙasa."

"Suna mi?"

"Hamdiya, ki riƙa hangen nesa. Nan gaba kaɗan matar direktan golf za a riƙa ce miki. Mata za su riƙa tashi in kin shigo."

"Yanzu ma za su tashi, in na shiga da kai ba ɗauri. Har da na aurena ka ɗauka?"

"Shi ke rami na ɗaya. Matsayi ne babba."

Ta ce Allah ya ba rami na ɗaya haƙurin zama da shi, ita ta san abin da ta gani.

Ranar gwaji na farko ƴan fada suka biyo shi, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Ya ɗora ƙwallo kan ɗan tudun rairayi, ya buɗe ƙafafu, ya karkaɗa ƙugu yadda ya gani a waya. Ya kai bugu, ya kwashi ƙasa ya watsa wa Mamani a fuska. Ya sake, ya sake. A na bakwai sandar ta shafi ƙwallon, ta gangara kamar taki goma ta tsaya. Kafin ya isa wurin, wani hankaka da ya daɗe yana lura da ita ya sauko ya sure, ya yi gabas.

"Shi ma ɗan wasa ne?" in ji Mamani, yana kakkaɓe gemu.

Ƙwallo ta biyu kuwa, Allah ya nufa ya same ta sosai. Ta tashi, ba wajen tuta ba, wajen hanya, ta faɗa cikin wata babbar mota da ta ɗauko raguna za ta Najeriya. Suka tsaya suna kallon motar har ta ɓace.

"Kun gani?" in ji Sharfaddeen. "Tun ba a buɗe fili ba, sunan Dakoro ya ƙetare iyaka."

Ta ukun ya ƙulle ta a aljihu, ya ce sai ranar buki. Ya sayo goruba buhu guda, ya shafe da farar ƙasa, ya shanya a gona. Awakin unguwa suka zo suka duba aikin, suka yaba, suka cinye rabi.

Da sauran goruban ya ci gaba da gwaji, kuma a nan ne ya gano wani babban kuskure. Kwana huɗu yana bugu, ko guda ba ta shiga rami ba. Mutum mai ƙaramar basira sai ya zargi hannunsa. Sharfaddeen ya zauna ya yi nazari, ya gane ramukan ne ba su zauna inda ya kamata ba. Saboda haka duk inda goruba ta tsaya, sai ya ɗauko hauya ya haƙa rami a wurin, ya tura ta ciki da ƙafa.

"Baƙo ya biyo jirgi tun daga ƙasarsu," ya bayyana wa ƴan fada, "ya buga bai ci ba, ya koma da baƙin ciki? Nasaru goma sha takwas suke yi don ƙasarsu ta yi musu kaɗan. Mu Allah ya ba mu fili."

Kafin sati uku gonar Malam Harisu ta koma rariya. Masu wucewa kan raƙuma sukan tsaya su yi salati. Wata tsohuwa mai itace ta ce gafiyoyin duniya ne suka yi taro. Mamani ya zagaya da hannu a baya, ya ce shi dai a saninsa wannan dara ce, sai dai ta aljanu.

Sai maganar ciyawa, don a waya filin kore ne shar. Sharfaddeen ya je wajen masu sayar da ciyawar dabbobi, ya share ɗiɗɗigar da ke zuba ƙarƙashin dammuna, ya cika buhu biyu, ya watsa a gona. Ya yi shiri da wani mai jakin da ke jan amalanken ruwa yana kawo masa safe da yamma. A kwana na shida jakin ya zurma ƙafa cikin rami, amalanke ya kife, ruwa ya bi rairayi. Mai jakin ya ce ko gonar za ta tsiro da zinariya ba ya sake takowa. Daga nan Sharfaddeen ya koma ɗauko ruwa da kansa, yana gaya wa mutane motsa jiki ne irin na ƴan wasa.

Abin mamaki, ciyawa ta fito. Ya je fada yana taku ɗai-ɗai, ya ce wanda ya yi dariya ya zo ya gani. Ta yi kore, ta yi tsawo, ta fitar da kai. Hamdiya ta kawo masa fura gona, ta duƙa ta duba.

"Maigida, ka san abin da ka shuka?"

"Ciyawar Turai. Iri ne na musamman."

"Ƙarangiya ce."

"Kama ce suka yi."

"To Allah ya sa ta san da haka," in ji ta, tana cire guda uku daga bakin zanenta.

Bai bari wannan ya tsayar da shi ba. Ya kai sanarwa gidan rediyon gari, aka karanta har sau uku: ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, za a buɗe Babban Filin Golf na Ƙasa da Ƙasa na Dakoro, tare da baƙi daga ƙasashen waje. Ya je ya sami Alhaji Abdulhakim, babban dillalin shanu, mutumin da bai taɓa ƙin zama kujerar gaba ba, ya naɗa shi uban fili. Ya ari rumfar bash, wato tamfol, da kujeru. Ya faɗaɗa ramin da ke gaban rumfar har ya kai faɗin kwandon awo, don in Alhaji ya buga kada a ji kunya.

Abu guda ya rage, baƙin. Ya aika saƙo ta waya ga duk lambar da ta yi kama da ta waje. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma tambaya ya yi ko ana sayar da albasa.

Ranar kasuwa da hantsi, Sharfaddeen ya shiga kasuwar dabbobi yana rarraba ido. Can ya hangi wani kakkauran mutum da hula ƙube yana taɓa ƙugun rago, yana magana da harshen mutanen Najeriya. Sunansa Amiru, daga Jibiya ya zo sayen raguna.

"Alhaji, kai daga wata ƙasa kake, ko ba haka ba?"

"Jibiya dai. Nan da nan ne."

"An buga maka hatimi a iyaka?"

"An duba takarda."

"Shi ke nan, ka cika sharaɗi."

Amiru ya ji bayani, ya yi wani murmushi, ya ce ba shi da abin yi kafin motarsa ta cika, zai zo.

Bayan la'asar rabin kasuwa ya juyo gona. Masu tallan ƙosai suka kafa kasko. Alhaji Abdulhakim ya iso cikin babbar riga fara mai aiki har gwiwa, ya ratsa ciyawar Turai zuwa kujerarsa. Kafin ya zauna rigar ta yi nauyi, gefenta ya koma kamar bushiya. Duk wanda ya shigo sai ka ga yana tafiya yana ɗaga ƙafa yana tsaki. Can bayan taro kuma ga Zakiru tsaye da ƙurar siminti a wando. A Ɗan Gulbi ya ji sanarwar, ya ji an ambaci gonar Malam Harisu, ya ajiye cokalin gini ya hau mota. Gonar kawai yake kallo.

Sharfaddeen ya fito da wando iya gwiwa, wanda da safe dogo ne kafin ya sa masa almakashi. Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce daga yau duk mai neman Dakoro a taswira ba sai ya sa tabarau ba. Ya ce jiragen turis sun ɗan makara saboda iska, amma ga wakilinsu. Aka tafa wa Amiru, wanda rabin mutanen wurin sun sayar masa da rago da safe.

Sannan ya zaro wata sanda daga jaka, wadda ya ɓoye don wannan rana. Ya ja ta, ta ƙara tsawo kamar eriyar rediyo, ya sake ja ta ƙara, har ta fi shi tsawo sau biyu. A bakinta akwai ɗan zobe kamar ludayi. Taro ya yi "kai!"

"Wagga ita ce uwar sanduna," in ji shi. "Sai wanda ya kai matsayi ke taɓa ta. Da ita na sa jakada kuka."

Amiru ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, wannan ai ba a bugu da ita."

"Baƙonmu bai san wasan ba, a yi mishi uzuri."

"Na ɗan sani. Shekara bakwai na yi ina ɗaukar wa manya jaka a filin golf a Kaduna, kafin in shiga harkar dabbobi. Wannan ta ciro ƙwallo ce in ta faɗa tafki."

Duk ido ya koma kan Sharfaddeen.

"A Kaduna ke nan," in ji Sharfaddeen. "A Lome da ita ake bugu."

"To ina tafkin?" wani ya yi ihu daga baya.

"Yana cikin tsari na biyu!"

"Malam Amiru," in ji Mamani, "tunda ka san abin, gaya muna gaskiya. Haka filin yake a can?"

Amiru ya dubi ramukan da suka miƙe har iyakar gani. "Wallahi ko a mafarki ban taɓa ganin irinsa ba. Can wahalar ita ce ƙwallo ta shiga rami. Nan wahalar ita ce mutum ya fita bai shiga ba."

Dariya ta tashi har masu ƙosai na riƙe ciki. Sharfaddeen ya ji zufa ta keto masa. Ya jefar da uwar sanduna, ya fizgi wata mai kan ƙarfe, ya ciro ƙwallon nan ta uku daga aljihu ya ɗora kan tudu. Ya ce baki ba ya buga golf, yanzu za a ga aiki.

Ya kai bugu. Iska.

"Wannan gaisuwa ce. Ana gaida ƙwallo tukuna."

Ya sake. Rairayi ya tashi ya sauka cikin kaskon ƙosai.

"Ta amsa?" in ji Mamani.

Na uku ya juya da shi har ya ba taro baya. Ƙwallo na nan zaune, ko gezau. Sai ya cije leɓe, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, ya rufe ido, ya kai na huɗu. Wani abu ya tashi sama kuwa, yana walƙiya cikin rana, mutane suka bi shi da kallo baki buɗe. Sandar ce. Ta suɓuce daga hannunsa mai gumi, ta ƙetare kan rumfa, ta nufi burtali, daidai lokacin da shanun Agali ke dawowa daga rijiya. Ta sauka a kan tozon babban bijimin garken, tim.

Bijimin ya tsaya. Ya juyo. Ya dubi taron nan da tutocin kallabi na kaɗawa, ya sunkuyar da kai, ya taho. Garke ya biyo shi.

Abin da ya biyo baya, har yau in ana ba da labarinsa a Dakoro sai an tashi tsaye. Mutum ɗari uku suka watse cikin gonar da ba ta da taki uku ba rami. Wanda ya tsallake na farko, na biyu ya karɓe shi. Wanda ya faɗi, ƙarangiya ta yi masa maraba. Wata saniya ta ɗauki igiyar rumfa da ƙaho, bash ya rufto kan Alhaji Abdulhakim, uban fili, aka bar shi yana iyo a ciki yana kiran sunan direbansa. Amiru, da yake ya san dabba, ya haye kujera ya tsaya cik, yana dariya har hawaye.

Sharfaddeen kuwa bijimin shi ya zaɓa. Ya zura da gudu, tabarau ya yi nasa wuri, ya waiga ya ga ƙaho, ya ja da baya, sai ga shi zaune cikin babban ramin da ya faɗaɗa wa Alhaji. Ya shige har ƙugu, gwiwoyi a haɓa, ƙafafu a sama. Ya yi yunƙuri, ramin ya ce ina. Bijimin ya iso ya tsaya kansa yana huci, yawu na ɗiga masa a goshi.

"Baba Agali!" Muryar ta fito siririya. "Baba Agali, don girman Allah! Don zumuncin Malam!"

Dattijon ya ratso gonar a hankali, yana zagaye ramuka kamar ya haddace su, don wata biyu yana kallon ana haƙa su. Ya yi wani ɗan kira sau ɗaya. Bijimin ya ɗaga kai, ya juya ya koma, shanu suka bi shi. Sai wata karsana da ta rage a baya tana ɗingishi. Agali ya durƙusa ya shafa ƙafarta, ya daɗe yana latsawa. Kowa a Dakoro ya san abin da karyewar karsana ke nufi ga mai ita. Can ya miƙe.

"Targaɗe ne. Ba ta karye ba."

Zakiru ya sauke numfashi. Ya zo ya durƙusa gaban dattijon, ya cire hula. "Baba, ban san an yi ba. Ka dubi Malam, kada ka dube mu. In shanunka ba su kwana gonar ga ba, baɗi ba mu da abin kaiwa rumbu."

"Tashi, Zakiru. Ban yi fushi ba, kallo na samu. Amma saniyata ba ta sake taka nan sai an cike ramukan ga duka. Kuma wanda ya haƙa shi zai cike."

"Da hannunshi," in ji Zakiru, yana duban ƙafafun da ke sama. "Kuma sai ya tsince ƙarangiyar ga ɗaya-ɗaya."

Agali ya tsinci sandar da ta bugi bijiminsa, ya jinjina ta a hannu. Zai wuce sai ya ga ƴar farar ƙwallon nan zaune kan tudunta, duk abin da aka yi ba wanda ya taɓa ta. Mutum ne da ya shekara sittin yana kaɗa tsakuwa da sanda don juyo da saniyar da ta yi nisa. Da hannu ɗaya, ko tsayawa bai yi ba, ya ɗan kaɗe ta daga hanyarsa. Ƙwallo ta yi ƙara ƙwas, ta tashi, ta ƙetare ramuka sun fi arba'in, ta sauka ta yi tsalle biyu, ta gangara gindin tuta mafi nisa ta shige.

Amiru ya diro daga kujera yana ihu, hannu a ka. Ya ce shekara bakwai yana bin manya da jaka bai ga an yi haka ba sai sau ɗaya, shi ma wanda ya yi sai da ya yanka sa. Taro ya ɗauki sowa, har Alhaji ya leƙo daga ƙarƙashin bash yana tambaya wa ya ci.

Agali ya dubi sandar, ya dubi Sharfaddeen. "Wasan ke nan duka?"

Sharfaddeen ya sake yunƙurin fita daga ramin.

"Don wanga ka kori shanuna?" Agali ya girgiza kai, ya saɓa sandar a kafaɗa, ya bi garkensa da ita. Ba wanda ya ce ya maido.

Mutum huɗu suka taru suka zaro Sharfaddeen, Mamani na ba da umarni kamar ana ciro taya daga laka. Kafin rana ta faɗi yana kwance rub da ciki a tsakar gida, Hamdiya na zaune gefensa da kallabinta na aure a ka, tana cire masa ƙarangiya tana tarawa a faranti. Ya daɗe bai yi magana ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta san shi. Har ta fara jin tausayinsa.

"Hamdiya."

"Na'am."

"Kin lura da yadda ya riƙe sandar? Wata biyu yana zaune tsallaken burtali yana kallona. Ai dole ya iya."

Ta kama wata da ta nutse sosai, ta fizge da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Juya ɗaya gefen, direkta," in ji ta. "Yaya Zakiru ya ce da asuba zai kawo maka shebur."